Shekarar da Magananniya Ta Ƙi Yin Shiru

Dankalin kakata Braulia ya fara tsiro tun yana tsibe a bayan ɗaki. Na ɗaga ciyawar da aka rufe shi da ita don in ga ko ɓera ya shiga, sai ga fararen tsiro kamar haƙoran jariri. Wasu 'ya'yan ma sun yi laushi, in ka danna yatsa sai ya nutse.

Irin mai ɗacin nan ne, wanda shi kaɗai ke yarda ya fito a tudunmu. Ba ya ciwuwa haka. Sai an shanya shi a fili, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, a tattake ruwan ya fita, ya bushe ya zama cunyo. Cunyon nan shi ne tukunyar gidanmu daga wannan girbi zuwa na baɗi. Kakana da kakata tsoho da tsohuwa ne, gonarsu ɗaya, kuma duk abin da ta bayar yana cikin tsibin nan.

"Kaka, zo ki gani."

Ta zo tana jan ƙafa, ta leƙa, ta mayar da ciyawar a hankali kamar mai lulluɓe marar lafiya.

"Na riga ki gani," in ji ta.

"To me muke jira?"

"Kin san abin da muke jira."

Na sani. Magananniya muke jira. Haka muke kiran magangarar ruwan da ke faɗowa daga tsagin dutse a saman ƙauyenmu, don ba ta rufe baki dare da rana. Amma in sanyi ya kai sanyi takan daskare tun daga sama har ƙasa, ƙararta ta ɗauke. Ranar da ta yi shiru, ranar ake fita da dankali filin shanya, gari duka a tare. Kafin nan ba mai kwance bakin buhu. Wanda ke faɗin ta yi shiru kuwa shi ne kakana, Tata Nemesio (Tata muke ce wa dattijo), kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Kullum da sassafe yakan hau wani falalen dutse a bayan garken alpaka, dabbobin da muke kiwo don ulunsu, ya cire hular kunnuwansa, ya tsaya. In ya sauko sai ya ce, "Tana magana." Shi ke nan, kowa ya koma harkarsa.

Ba zan ce al'adar wauta ba ce. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rabin sanyi, dankalinsa ba ya daskarewa har ciki, sai ya jiƙe ya yi wari. Kakanninmu sun nemi alamar da ba ta ruɗi, suka same ta. Amma a shekarar nan bikin San Juan, da ake hura wuta a tsakiyar sanyi, ya zo ya wuce, tokar wutarsa ma iska ta kwashe, Magananniya tana ta zuba. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga makarantar aikin gona ta birni ba, na kafa ma'aunin zafi a tsakiyar filin shanya. Kullum asuba yana nuna sanyin da ya fi ƙarfin dankali nesa ba kusa ba. Ruwan kwanon kare ya zama dutse. Zanen da aka manta a igiya ya sandare, kana iya jingine shi da bango. Mutanen garinmu kuma suna zaune a rana suna tauna ganyen koka kamar goro, abincin shekara yana ruɓewa a bayan ɗakunansu, suna cewa lokaci bai yi ba. Wannan zama da sanyin jiki shi ke ƙona mini rai, har yau.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci na faɗa a gaban kowa. Tata Leocadio ne ke riƙe da sandar shugabancin gari a shekarar, yana jingine da katanga yana saurarona da ido ɗaya a rufe.

"Sanyin ya iso tuntuni," na ce. "Yana nan yana wucewa. In gajimare ya dawo, dare ba zai ƙara yin sanyin nan ba. Ku fita da dankalinku."

"Wa ya gaya miki, Injiniya?"

"Ma'auni."

"Wannan tsinken gilashin da kika dasa a fili?" Ya juya wajen mutane. "Na ɗauka shuka ce, ina jira in ga me za ta haifa."

Aka kwashe da dariya.

"Tsinkenki ya taɓa cin cunyo?" wani ya jefo daga baya.

"Ku ma bana ba za ku ci ba, in kuka ci gaba da zama kamar duwatsun murhu!"

"Kai, yarinyar nan da zafi take," in ji Tata Leocadio. "Kada ku bari ta matsa kusa da Magananniya, ita ce ma ke hana ta daskarewa. Nemesio, me ka ji yau?"

Kakana yana zaune a ƙarshen benci, hannuwansa a kan gwiwa. Bai dube ni ba.

"Tana magana," ya ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Mama Sabina, wadda mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara ƙanana. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ja mayafinta ta tafi.

A gida na tarar da Kaka tana tsince ruɓaɓɓun tana jefawa a kwando. Kwandon ya kusa cika.

"Mu kai namu kawai," na ce. "Ni zan ɗauka. Wanda zai yi surutu ya yi."

"Matar mai saurare ta shanya kafin mai saurare ya yi magana?" Ta girgiza kai. "Ki ce in fita kasuwa in cire masa hula a gaban mutane, ya fi sauƙi."

"To ki zauna da yunwa saboda hularsa?"

"Na taɓa zama da yunwa. Ban taɓa kunyata shi ba." Ta jefa wani a kwando, ta goge yatsunta a siket. "Kina tsammani bai gani ba? Kullum kafin ya hau dutse sai ya ɗaga ciyawar nan ya leƙa, yana ganin kamar barci nake. Abinci ma ya rage ci. Ke dai kin iya ɗaga murya, Delfina. Tsoho ba a tura shi. Ki kai shi ya gani."

Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa tunani a kai ba. Daga falalen dutsen nan ba a ganin Magananniya, kafaɗar tudu ta tare ta. Jin ta kawai ake yi. Tun da gwiwoyinsa suka fara ciwo, kakana bai ƙara zuwa gindinta a lokacin sanyi ba.

Washegari na riga shi isa garken alpaka. Da ya cire hula ya gama tsayuwarsa, na ce, "Tata, raka ni can. Ina tsoron zuwa ni kaɗai."

"Ke? Wadda ta zagi gari duka a ƙofar coci?"

"Mutane daban, dutse daban."

Ya yi ɗan tsaki, amma ya ɗauki sandarsa.

Tafiyar ta ci mana lokaci. Yana tsayawa yana cewa yana duban ciyawa ne, ni kuma ina yin kamar na yarda. Ƙasa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmanmu. Da muka zagaya kafaɗar tudun sai ya ja ya tsaya, bakinsa a buɗe.

Magananniya ta daskare. Tun daga tsagin sama har gindi ƙanƙara ce, ginshiƙai masu kaurin jikin mutum, shuɗi-shuɗi a cikin inuwa. Duwatsun gefe duk sun yi kumburin fari kamar ulun alpaka da ba a kaɗa ba. Amma ƙarar tana nan, ta dai yi zurfi, kamar mai magana a cikin tulu.

Tata ya fito da 'yar kwalbar giyarsa ya ɗiga wa ƙasa rabonta bisa al'ada, ya matsa a hankali, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙanƙarar. Ta cikinta ana hango wata inuwa tana gudu zuwa ƙasa ba tsayawa. Ya manna kunnensa. Ya daɗe a haka.

"Tana ciki," ya ce. "Ta sa riga, amma tana ciki."

"Tata, in Kaka ta zuba maka miya da zafi, yaya kake yi?"

"In hura a cokali."

"Me ya sa ba ka hura tukunyar?"

"Don ban haukace ba tukuna. Me kike nufi?"

Na nuna masa fararen kumburin da ke gefe. Na ce ruwa ba ya daskarewa sai ya ba iska ɗumin da ke jikinsa. Feshin da ke tashi ƙananan ɗigo ne, su ne miyar cokali, iska na taɓa su sun huce, suna sauka a dutse sun kama. Daga nan ƙanƙara ke farawa, gefen nan da gefen can, tana tsirowa tana matsowa tsakiya har ɓangarorin su haɗu su rufe ruwan.

"To da suka rufe, sai ta yi shiru," ya ce. "Haka take yi."

"Da suka rufe, sun zama murfin tukunya. Iska ba ta ƙara taɓa na ciki kai tsaye. Ɗan ɗumin da zai fita sai ya ratsa duk kaurin nan, kafin ya ratsa kuwa ruwan ya wuce, wani sabo ya zo da nasa."

"A zamanin ubana ma da murfin."

"A zamanin ubanka, yaya kaurinta yake in damina ta ɗauke?"

Ya yi tunani, ya ɗaga sandarsa. "Kamar wannan. Wani lokaci ko kamar igiya."

"Kaurin igiya, sanyi na iya shanye ɗuminsa kaf. Dubi ta yanzu."

Ya dubi inuwar da ke gudu a ciki, faɗinta ya kai ƙofar ɗaki. Sannan ya ɗaga kai sama wajen tsagin, ya ƙura masa ido. Ban taimake shi ba. Da ƙyar na riƙe bakina.

"Tafkin," ya ce.

Shi ya fi ni sanin tafkin. Lokacin da yake kiwo yana yaro, ƙanƙarar ƙololuwar dutsen tana kwance har bakin tsagin. Ta yi ta ja da baya, ta bar kwari, ruwa ya taru a ciki. Yanzu saman tafkin ne kawai ke daskarewa. Na ƙasa yana kwance a lulluɓe da ɗan ɗuminsa, yana tsiyayowa ta cikin duwatsu duk tsawon sanyi.

"Tukunyar ta girma," ya ce a hankali.

"Dankali kuwa bai girma ba, Tata. Yana kwance a fili, ba murfi, sama a buɗe. Sanyin da ya gina wannan ginshiƙin ya ishe shi ya yi saura."

Muna tsaye rana ta leƙo ta saman tudu ta sauka a baƙin dutsen da ke gefen tsagin. Ba a jima ba muka ji ɗis, ɗis. Na ja shi baya. Baƙin dutse yana shan rana fiye da farar ƙanƙara, sai ya ɗumama ya sake ta ta baya, inda ido ba ya gani. Ruwan ciki kuma yana lasar ta daga tsakiya. Wani siririn layin ruwa ya gangaro tsakanin dutsen da ƙanƙarar. Can sama wani reshe mai tsawon hannu ya ɓalle, ya faɗo ya tarwatse daidai inda Tata ya manna kunne ɗazu.

Ya dubi gutsattsarin. Fuskarsa ta canja.

"Ta fara zubar da hawaye," ya ce. "Wannan sai bayan an kwashe cunyo take yi. Delfina, sanyin ya juya."

"Shi nake ta faɗa."

"Kina ta ihu dai."

Na haɗiye wannan. Na kama hannun rigarsa. "Tata, abu mai sauƙi ne. Mu sauka ka ce ta yi shiru. Ba wanda zai hau ya duba. Kafin yamma kowa ya shanya."

Ya dube ni kamar na miƙa masa abin sata.

"Ba ta yi shiru ba."

"To wa ya sani?"

"Ni." Ya mayar da hularsa, ya ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa. "Mutanen nan ba kunnena suke bi ba. Sun dai san ban taɓa faɗin abin da ban ji ba. In na sayar da wannan, da me zan saya musu gaskiyar?"

A hanyar saukowa bai tsaya duban ciyawa ba ko sau ɗaya. Ban san abin da zai yi ba, kuma raina a ɓace yake, ina ganin mun hau mun sauko a banza. Da muka shiga gida ya wuce kai tsaye bayan ɗaki, ya yaye ciyawar gaba ɗaya, ya ce, "Braulia, kawo buhuna."

Kaka ta tsaya da ludayi a hannu. "Ta yi shiru?"

"Kawo buhuna, tsohuwa. Tambaya kamar ɗan sanda."

Buhun farko shi ya ɗauka. Na yi na yi ya bar mini, ya ƙi. Ya goya shi da mayafi, ya bi ta tsakiyar gari a sunkuye, ba ta bayan gidaje ba. Kaka tana biye da shi da damin ciyawar shimfiɗa, ni ina ƙarshe da jaki. Ƙofofi suka fara buɗewa. Kafin ya zazzage buhun a fili, rabin gari ya taru a bakin katanga.

Tata Leocadio ya keto mutane da sandarsa. "Nemesio, ban ji an yi shela ba. Ta yi shiru ne?"

Kakana ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu.

"Ba ta yi ba. Ba za ta yi ba kuma, bana ko baɗi. Na je gindinta da ƙafata. Ta daskare ta waje, ruwan yana gudu a ciki, har ta fara narkewa ta baya. Wanda ke jiran in ce ta yi shiru, ya daina jira." Ya yi numfashi. "Aikin da ubana ya bar mini ya ƙare a hannuna. Abin da ya rage da zan iya gaya muku shi ne ga dankalina a ƙasa."

"Yarinyar nan ta juya maka kai."

"Ta juya mini ƙafa dai, har yanzu ciwo suke. Hau ka gani, Leocadio. Gwiwarka ta fi tawa."

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Tata ya durƙusa ya ci gaba da baza dankalin ɗaya bayan ɗaya don kada su hau juna. Kaka ta durƙusa a gefensa, kafaɗarta tana taɓa tasa.

Mama Sabina ce ta fara juyawa. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ga ta ta dawo da buhu a baya, yaranta suna jan wani a ƙasa. Kafin rana ta faɗi gidaje da dama sun bi. Tata Leocadio da 'yan uwansa suka ce za su ƙara dubawa. Sun duba, har gajimare ya fara tasowa daga kwari kafin su kwance buhunansu, kuma abin da suka kwasa a ƙarshe bai kai rabin abin da suka shanya ba. 'Ya'yansu ba su yi laifin komai ba, amma su suka sha ruwan miya a shekarar.

Namu ya kama. Sama ta tsaya tas 'yan kwanakin da muke buƙata, ba ƙari. Wanda ya riga ya ruɓe a tsibi ya tafi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Kaka ta zuba wa aladen maƙwabta ba tare da ta bari Tata ya ga kwandon ba. Da ta auna sauran da ido ta ce zai kai mu girbi, in ba a cika ludayi ba.

Ranar tattaka muka jira rana ta narkar da shi ya yi taushi. Kaka ta tara shi ƙananan tsibi, ta cire takalmanta na taya, ta hau. Ruwa ya fara tsartuwa daga ƙarƙashin dugaduganta, ɓawon yana saɓulewa. Ta yi tangaɗi, ta kama kafaɗar Tata.

"Tsaya cak mana, tsoho. Ko ginshiƙin ma ba za ka iya ba?"

"Kin yi nauyi ne. Ina abincin da na rage ya tafi? Yanzu na gane."

"Ji bakinsa. Da can kalma biyu yake yi a rana, yanzu da ba shi da aiki ya dame ni."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, ita kuma ta bubbuga masa baya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da shi, ƙafafunta ba su daina aiki ba. Sannan ta hango ni a bakin shimfiɗa, ina tsaye da takalman birni.

"Ke kuma fa? An koya muku tattaka da ido a makarantar?"

Na cire takalman, na naɗe wando, na hau tsibin da ke kusa da nata. Sanyin ruwan ya soke ni tun daga tafin ƙafa har haƙora, na yi ƙara. Tata ya miƙo mini ɗayar kafaɗar.

"Da dunduniya, Injiniya," ya ce. "A hankali. Abinci ne, ba Leocadio ba."